Kifin da Inna Ta Saƙa

Ni 'yar Balan ce, amma a Toranke na yi zaman aure, kuma a can na san matar da har yau ban ga mai hannu irin nata ba. Uwar mijina ce. Kowa a gidan Inna yake ce mata, ni ma da na zo haka na bi. Gajeriya ce, baƙa, mai kaifin baki, ba ta iya zama hannu sake. In ka hango ta a inuwar darbejiyar tsakar gida, to kwarashi na hannunta, dunƙulen zare kuma na cikin ƙwarya a gefen ƙafarta don kada kaji su ja mata shi.

Kwarashin ma ba na kanti ba ne. Maƙerin garin ne ya yi mata shi da wayar ƙafar keke, ya lanƙwasa bakin ya goge. Yadda ta koyi saƙar kuwa, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ta je jinyar ƙanwarta a Gaya, ta ga wata malamar asibiti tana saƙa hular jariri. Ba ta ce a koya mata ba, don Inna ba ta iya roƙo ba. Zama ta yi ta zuba ido, ta dawo gida da abin a kanta. Tun daga nan babu jaririn da aka haifa a unguwarmu da bai sa hularta ranar suna ba. Tana yin safa, tana yin marfin kwano, tana yin 'yar jakar da mata ke zuba kwalli da madubi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take warware aiki. In ta hango kuskure a layin da ta wuce tun da safe, sai ta zare kwarashin ta ja zaren, aikin yini guda ya narke a gabanka. Ni mai gajen haƙuri sai in kau da kai. Ita ko a jikinta. Na taɓa cewa, "Inna, ai ba wanda zai lura." Ta ce, "Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

Ɗana na fari tun da aka yaye shi ya koma ɗakinta. Haka al'adarmu take, kuma a wancan zamanin ba wasa ake yi da ita ba. Uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi a gabanta, sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Ni "yaron nan" nake ce masa, shi kuma Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannen ubansa suna kirana. Inna kuwa da shi sai abin da suka ga dama. Ita tana ce masa angona, shi yana ce mata tsohuwa, kullum suna cikin faɗan ƙarya a kan wai bai kawo cefane ba. Yaro ne mai ƙiriniya. Ya hau katanga, ya kori awaki, ya bi masu kamun kifi zuwa kududdufi ya dawo da taɓo har kunne.

Yana da wajen shekara shida, a farkon shekarun saba'in, baƙon dauro ya shigo garin da bazara. Ya kwantar da yara da yawa, wasu ba su tashi ba. Namu ya tashi, amma ciwon ya sauka a idonsa. Ubansa ya goya shi a keke zuwa Gaya, daga can aka ce sai Kano. Suka shiga motar kasuwa suka tafi. Da suka dawo ban tambayi kowa komai ba. Yadda mijina ya shigo da shi a kafaɗa, kan yaron a sunkuye, ya ishe ni amsa.

Ya shiga ɗakin Inna, ya hau ƙarshen gado, ya juya fuska ga bango, shi ke nan. Bai ƙara taka dokin ƙofa ba. Ko bayan gida sai dai a kai masa kasko. Ubansa ya gwada fito da shi da ƙarfi, ya yi ta ihu yana kama ƙyaure har muryarsa ta dushe, dole aka mayar da shi. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, yaron nan yana nan inda yake. Ƙafafunsa suka fara sirancewa. Mata masu zuwa dubiya sukan fito suna girgiza kai, wata ta ce mini a fili, in aka bar shi haka ƙafar ma tafiya za ta yi. Ban ji haushinta ba, don abin da nake gani ke nan. Ido ya riga ya tafi, wannan ba mai dawo da shi. Abin da nake tsoro yanzu shi ne yaron ya ƙare rayuwarsa a lungun gado.

Ga shi ba ni da ikon yin komai. Suruka ba ta hawa gadon uwar miji, uwa kuma ba ta rungumar ɗan fari. Sai in kai kwano bakin ƙofa in ajiye in ce, "Inna, ga abincin yaron nan." In koma madafa in yi kukana, in wani ya shigo in ce hayaƙi ne. Wallahi a waɗannan watannin na tsani al'adar nan kamar in mutu, amma ban taɓa tunanin karya ta ba.

Inna ba ta lallashe shi, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta dai kwashe saƙarta daga inuwa ta koma bakin gadon, tana aiki tana zuba masa labari, ko ya amsa ko kada ya amsa. Wata rana da la'asar ina shara kusa da taga, na ji tana ba shi ƙissar annabin nan da kifi ya haɗiye a teku, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya zauna a duhun cikin kifin yana ambaton Ubangiji har kifin ya kai shi gaɓa ya ajiye. Ta kai ƙarshen labarin. Can sai na ji wata 'yar murya da na daɗe ban ji ba.

"Yaya kifin yake?"

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna.

"Babba ne," in ji Inna.

"Kamar me?"

"Kamar rumbu. Kai, ya fi rumbu."

"Ƙarya kike, tsohuwa. Ke ma ba ki taɓa ganinsa ba."

"Ni kake ƙaryatawa, miji ba cefane? To ka jira. Zan kawo maka shi har gadon nan ka taɓa da hannunka."

Ta yi alkawari, sai dai akwai matsala. Inna ba ta taɓa saƙa siffar abu mai rai ba, kuma duk mun tashi da jin cewa ba a yi. Ko 'yar tsanar da muka yi wasa da ita muna yara, ta kara ce ko ta ƙashi, ba fuska. Ta aiki mijina wajen liman. Ya dawo da amsa cewa abin wasan yara ba laifi, amma an fi so a bar shi da tawaya, a rage wani abu, kada a cika siffar yadda Allah ya halitta. Inna ta ce, "Na ji."

Ta ciro tsohuwar suwaitar mijina ta zamanin makaranta, shuɗiya, ta warware ta tas. Cikin 'yan kwanaki ta gama kifi. Dogo ne, mai faɗin kai, ga gashin baki zaro-zaro har huɗu. To wane kifi Inna ta sani? Na kududdufi da busasshen da ake kawowa kasuwa. Ta miƙa masa. Ya shafa daga kai zuwa wutsiya, ya kama gashin bakin ya ja.

"Wannan ai tarwaɗa ce! Tarwaɗa ce za ta haɗiye mutum? Kin raina ni, tsohuwa."

Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ƙanƙanuwa ce, amma na ji ta daga bakin murhu, har na ƙone yatsa ban sani ba.

Kafin magariba tarwaɗa ta koma dunƙulen zare. Washegari ina tankaɗe sai ga Inna a kaina. Matar da ba ta tambayar kowa komai ta tsaya tana gyaran murya.

"Ke 'yar boko. A makarantar taku ba a nuna muku kifin nan ba?"

An nuna mana kuwa. Na yi firamare a Gaya a hannun gwaggona, kuma a bangon ajinmu akwai wani babban hoto na halittun teku da na sha kallo lokacin da ya kamata in kalli allo. Na karyo kara na share ƙasa na fara zanawa. Inna ta tsuguna a gefena, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zana ƙaton kai da ya kusa cinye rabin jiki, da baki mai tsawo, da 'yan fikafikai biyu.

"Ina gashin bakin?"

"Ba shi da shi, Inna."

"Wutsiyar fa, me ya sa kika kwantar da ita?"

"Haka take. A kwance take kamar faifai, ba a tsaye irin ta sauran kifaye ba. Kuma hancinsa a tsakar kansa yake, ta nan yake feso ruwa sama."

Ta dube ni ta ga ko wasa nake mata. Da ta ga ba wasa ba ne sai ta riƙe haɓa. "Hanci a tsakar ka. Allah mai iko." Ta kife ƙwarya a kan zanen don kada kaji su tone shi, ta hana kowa shara a wajen.

Aikin nan ya ci ta. Ulun bai isa ba, ta ɗauko zaren da ta kaɗa da hannunta ta aika marina aka rino shi baƙi-baƙi, ta bar wani fari don ciki. Kan ne ya fi ba ta wuya. Ta yi, ya fito kamar tulu, ta warware. Ta sake, ya fito kamar kabewa, ta warware. Takan je ta buɗe ƙwaryar ta leƙa zanen, ta dawo tana magana ita kaɗai. Daga cikin ɗaki angon nata yana ta tsiya. "Tsohuwa, kifin ya nutse ne?" Ita kuma ta ce, "Teku da nisa, yana hanya." Yanzu yana magana, yana cin abinci, har ya juyo da fuska daga bango. Amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Akwai abin da ta yi wanda babu shi a zanena. Ta saƙa wata doguwar jaka ta ɗinke ta a cikin bakin, yadda yaro zai zura hannu har gwiwar hannu ya ji cikin kifin. Matar da ko babban kogi ba ta taɓa gani ba, ga ta tana yi wa kifin teku ciki da wayar keke.

Ni ta ba aikin audugar rimin da za a cusa. "Ki cire 'ya'yan tas, kada su soki angona." Na zauna na tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Wannan ne karo na farko tun da ya kwanta da aka ba ni wani abu in yi masa ban da girki, kuma na san da gangan ta ba ni.

Da aikin ya kusa ƙarewa na lura fuskar a shafe take. Na ciro maɓallai biyu baƙaƙe daga tsohon kwat ɗin mijina, na jefa a ƙwaryar zarenta. Ta gani, ta ɗaure su a bakin zaninta, ta ci gaba da saƙa. Kwana ya wuce, fuska tana nan a shafe. Na kasa daurewa.

"Inna, ba za a sa masa ido ba?"

"Kin ji abin da liman ya ce."

"To a rage wani abin mana. A cire fiffike ɗaya. Yaron da yake cikin wannan hali, a miƙa masa abu marar ido? Ai fama masa ciwo za a yi."

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Babu wani ƙauri. Na tafi ina huci, ranar ko tuwon kirki ban tuƙa ba. A raina na ce tsohuwar nan ta fifita maganar liman a kan zuciyar yaro.

Da hantsi ta kai masa. Ni ina bakin turmi a ɗaya gefen tsakar gida, ina surfen gero, amma kunnena yana ɗakin. Ta ɗage asabarin ƙofa, don haka ina hango su. Kifin ya kai tsawon hannun babba, bayansa shuɗi da baƙi, cikinsa fari. Ta ɗora masa a cinya.

Ya fara daga wutsiya. "A kwance take!" Ya bi baya da tafin hannu har ya sami ramin tsakar ka, ya zura yatsa. "Wannan fa?" Ta ce hanci ne, ya ce ƙarya ne, ta ce ya tambayi 'yan boko. Ya sami bakin, ya tura hannu, hannun ya yi ta shiga har gwiwa. Ya yi ta motsa yatsu a ciki. "Nan ya zauna?" Ta ce nan ya zauna.

Sai ya zaro hannun ya koma kan fuskar. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya juya kifin ya sake shafawa. Na ajiye taɓarya.

"Ina idonsa?"

"Ba shi da shi."

Hannunsa ya tsaya a kan fuskar kifin. A raina na ce shi ke nan, yanzu zai jefar ya koma bango.

"To yaya aka yi ya san hanya, har ya kai annabi gaɓa?"

"Aikensa aka yi," in ji Inna, kamar tana maganar farashin daddawa. "Wanda aka aika ai tafiya yake yi. In ya yi karo da dutse ya kauce, ya ci gaba." Ta kama hannunsa ta danna a gefen cikin kifin. "Ji nan. Ka ji ya loɓa? Auduga ba ta isa ba, ga ɗinkin ma ban rufe ba. Kai ma aikenka zan yi. Kai wa Yayarka ta ƙara masa, tana bakin turmi. Ni ƙafata ciwo take."

Ƙafar Inna lafiyarta ƙalau. Kuma ragowar audugar tana cikin faifai kusa da ni, ita da kanta ta ajiye ta a can da safe.

"Ba na gani," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ma haka. Sai ku je tare." Ta ɗaga murya ta yo kaina. "Ke kuma me kika tsaya kallo? Ci gaba da dakanki, ko geron zai surfa kansa ne?"

Sai a lokacin na gane. Na ɗauki taɓarya na ci gaba da daka, a hankali, bugu ɗaya bayan ɗaya, don ya ji inda nake.

Ya daɗe a bakin gado. Sannan ya zuro ƙafa ɗaya, ya zuro ɗayar. Ya miƙe, ƙafafun suna rawa, ya rungume kifin a ƙirji, kan kifin yana gaba. Ya laluba ƙyaure, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa. Rana ta dake shi a fuska, ya tsaya. Ina daka. Ya tako. Ya yi karo da randa, ruwa ya fantsalo masa a ƙafa, ya tsaya yana numfashi sama-sama. Mijina da ya shigo daga gona ya yunƙura zai tare shi, Inna ta harare shi daga bakin ƙofa, ya koma ya jingina da katanga, fartanya a kafaɗa. Yaron ya zagaye randar. Kaza ta tashi fir a gabansa, ya firgita, amma bai saki kifin ba, bai kuma juya ba. Geron da ke turmin ya riga ya zama gari, ni dai ina ta bugu, hawaye na zuba a ciki, ba kuma hayaƙin da zan laƙa wa laifi.

Tsakar gidan nan ba wani faɗi gare ta ba, kullum ina ratsa ta da tulu a ka ban san na yi ba. Ranar na ga tsawonta.

Hannunsa ya taɓa bakin turmi, ya zame, ya kama zanina.

"Yaya, an ce ki ƙara masa auduga."

Na tsaya da taɓarya a hannu, ban san yadda zan yi ba. Ga ubansa, ga kakarsa. Sai muryar Inna ta zo daga nesa, da faɗa-faɗa.

"Ke kaɗai za ki iya? Zauna ki ɗora shi a cinya ya riƙe miki bakin ɗinkin. Kai kuma zo ka duba mini ƙyauren nan, ya fara cijewa."

Ta ja ɗanta suka shige ɗaki, ta saki asabari. Ba abin da ya sami ƙyauren.

Na zauna a ƙasa na jawo shi. Rabona da in ji nauyinsa a jikina tun ranar da aka yaye shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙasusuwan bayansa suna taɓa ƙirjina, kansa yana warin man gyaɗar da Inna ke shafa masa. Ya buɗe bakin ɗinkin da yatsu biyu, yana ba ni labarin cewa wannan kifin hancinsa a tsakar ka yake, wai ko na sani. Na ce ban sani ba, ya faɗa mini.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Audugar da ta bar mini a faifan ba ta fi cikin tafi ba, amma har aka kira azahar ban gama cusa ta ba.